KUJERAR ARO: Gahawar Abu Barjas Ta Huce

Shafi na 19

Da sunan Allah mai rufin asiri, ko da yake ni ban gaji wannan halin ba.

Ke Ummu Lulwa da kika rubuto wai na cika jan rai, zo ki karɓi wayar ki rubuta da kanki. Da yatsa ɗaya nake dannawa, shi ma sanyin ƙashi ya cinye shi. Mai tambayar ko ba na tsoron 'yan sandan ciki kuma, ai na faɗa tun shafin farko, sunayen nan duk na juya su. Wanda ya gane kansa shi ya jiyo.

Yau babu dariya sosai. Ku gyara zama.

Juma'a ce, an sauko daga masallaci. Majalisar Firaminista Abu Rakan ta cika maƙil kamar kullum: masu neman aiki, masu son a fitar da uwarsu asibitin waje, da waɗanda ƙamshin shinkafa da rago kawai ke kawo su. Ni Hajja Wadha, mai turaren gidan tun Abu Rakan bai san reza ba, ina sama, bayan tagar katakon nan mai huda-huda ta ɓangaren mata. Kaskona na gabana, wai labule nake turarawa. Labulen nan ya sha turare a hannuna har ya gode Allah.

Sai ga mutanen Wadi Sidir sun shigo.

Kun tuna Barjas, malamin makarantar da harsashi ya samu a wuya a Dandalin Agogo, ranar da jama'a suka fito kan tsadar gurasa. To ubansa ne a gaba, tsoho Abu Barjas, siriri kamar sandar kiwo. Bayansa ɗayan ɗansa Hazza, direban tirela, ƙato, idanu jajur. Sauran dangi na biye.

Ko ɗayansu bai ɗora baƙar igiya a kan mayafin kansa ba. A al'adarsu, mai bin bashin jini ba ya ɗora ta sai ya rama. Jini bai kwanta ba ke nan.

Aka ba su wuri. Mai gahawa ya tsiyaya, ya miƙa wa tsoho da dama. Tsoho ya karɓa, ya kalli finjalin, ya sunkuya ya ajiye shi a kan darduma tsakanin ƙafafunsa.

Majalisa ta yi tsit. Har mai tarin nan da ke zama kusa da ƙofa ya haɗiye tarinsa.

Baƙo ya ajiye gahawarka bai sha ba, ai ba sai an yi wa kowa tafsiri ba. Da buƙata ya zo, kuma ba zai sha ba, ba zai ci ba, ba zai tashi ba sai ka biya masa ita. Mai gida mai hankali cewa yake, "Faɗi buƙatarka, in tana cikin ikona." Wannan "in tana cikin ikona" ita ce ƙofar baya da kakanni suka bar wa namiji don ya tsira da wandonsa.

Amma ranar akwai 'yan talabijin a majalisa. Abu Rakan kuwa, tun da ya dawo daga karatu a Turai, babu abin da ke ƙona masa rai irin a ce ya manta tantin kakansa. Ya ga kyamara na kallonsa. Ya ɗauka diyya tsohon ya zo nema, ko aiki wa ɗan nan nasa ƙato.

Ya miƙe tsaye, ya kama gashin bakinsa da yatsu biyu.

"Sha gahawarka, ya Abu Barjas! Abin da ka zo nema ka samu. Wallahi ka samu, wannan ne jingina!"

Masu cin shinkafa suka ɗauka: "Namiji! Ɗan babban gida!"

Ni kuwa na dafe kai. Baki shi ke yanka wuya.

Tsoho bai taɓa finjalin ba.

"A gaban mutane ka faɗa, ya Abu Rakan."

"Na faɗa, na kuma maimaita."

"Jama'a, ku shaida."

"Mun shaida!"

"To. Ba diyya na zo nema ba. An aiko mini da ita har gida, na mayar da motar da abin da ke cikinta. An ce za a sa wa titi sunan ɗana. Ɗana ko keke bai mallaka ba, me zai yi da titi? Sojan da ya danna kunamar bindiga ma ba ruwana da shi, kare ne aka ce masa cija. Suna nake so. Wa ya ce a harba?"

Na ga hannun Abu Rakan ya sauko daga gashin bakin a hankali, kamar ba nasa ba.

"Ya Abu Barjas, ai an kafa kwamitin bincike, kuma..."

"Kwamiti ba shi da gashin baki. Kai ka kama naka."

Nan take yaran ofis suka fara tura 'yan talabijin waje, ana naɗe wayoyi ana tuntuɓe. Masu neman aiki suka fara kallon takalmansu, amma kunya ta hana kowa tashi.

Abu Rakan ya ce, "Ku yi mini izini in shiga ciki in sabunta alwala."

Tsoho ya ce, "Shiga. Gahawa ba ta gudu. Hucewa kawai take yi."

Jama'a, ni da nake hawa matattakala ina hutawa sau biyu, ranar ban san yadda na sauko ba. Kasko a hannu, na nufi ƙaramin falon da ke tsakanin majalisa da ɓangaren mata. Na tarar uwargida Ummu Rakan ta riga ni. Ashe ita ma da tata tagar.

Kun san Ummu Rakan, 'yar masu fataucin lu'ulu'u, harshe kamar aska. In tana shiri da mijinta "Abu Rakan" take ce masa. In kuka ji ta kira ainihin sunansa, to ku kwashe faranti.

"Ya Mutlak!"

"Ba yanzu ba."

"Yanzu! Duk shekarun da ka kwashe a Turai kana cin littafi, 'in tana cikin ikona' ce ta gagare ka? Makiyayin awaki ma ya san ta!"

"Na ɗauka kuɗi yake so."

"Ka ɗauka! Mutum ya shigo maka gida babu igiya a ka, ka ɗauka sadaka ya zo karɓa? Kai dai ka ga kyamara, kanka ya kumbura."

Ya zube a kujera, ya cire tabarau, ya rufe fuska da tafin hannu.

Sai ga ɗansu Rakan ya shigo. Shi kaɗai ne namiji a wurinsu, kyaftin ne a rundunar tsaron birni. Ni na yi masa wankan farko, kullum in ya gan ni sai ya sumbaci goshina. Ranar ko kallona bai yi ba. Tun abin da ya faru a dandali yaron nan ba ya cin abinci, farar jallabiyarsa ta zama kamar an rataye ta a ƙusa.

Ya mayar da ƙofa ya rufe.

"Baba, akwai maganar da na riƙe ban gaya wa kowa ba."

"Ci gaba da riƙe ta."

"Ba zan iya ba. Ni ke riƙe da dandalin ranar. Na ce wa yarana kowa ya sauke bakin bindiga ƙasa, kuma sun sauke. Mutanen nan gurasa suke ɗagawa sama, Baba, gurasa kawai. Sai wata murya ta shigo ta rediyon sojoji, ba ta kwamandanmu ba. Ta ce a share dandali ko ta halin ƙaƙa. Daga saman otal aka yi harbin, kuma ba yarana ba ne a can."

"Rakan, yi shiru."

"Na san muryar. Ɗaki ɗaya muka kwana da shi a makarantar soja. Yarima Gazwan ne. Masu gadinsa ne a saman otal."

Wayyo. Ɗan Mai Martaba na fari. Mai jiran gado. Wanda hotonsa ke rataye har a shagon mai aski.

Ummu Rakan ta toshe bakinta da mayafi. Abu Rakan ko motsi bai yi ba.

Ya ce, "Na sani."

Ta juyo. "Ka sani?"

"Tun yammacin ranar."

"Ka sani, ka fita ka kama gashin baki?"

Ya ɗago ya gan ni a lungu.

"Hajja, ke ma kina nan?"

"Turare na kawo, ranka ya daɗe."

"Garwashinki ya mutu tuntuni."

Na duba, ashe gaskiyarsa. Amma bai ce in fita ba, ni kuma ba a taɓa sanina da korar kaina ba.

Ana haka aka ƙwanƙwasa ƙofar da ke bi ta kicin. Babban mutum in ya shigo maka ta kicin, ba alheri ya kawo ba. Sarkin Fada Munzir ne, bakin Mai Martaba da kunnensa. Gajere, fes-fes, alkyabba mai bakin zinariya, carbi na yawo a yatsu. Wani munafuki a majalisa ya riga ya buga waya fada. Munzir bai kore ni ba, irinsu ba sa ganin tsohuwa mai kasko, kamar yadda ba sa ganin tabarmar bakin ƙofa.

Ya sumbaci Abu Rakan a hanci, ya gaida uwargida da ladabi, ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"Mai Martaba, Allah ya ja zamaninsa, yana gaishe ka."

"Ina amsawa."

"Ya ce gashin bakin Firaministansa nasa ne, ba zai yarda a aske shi a bainar jama'a ba. In mutanen nan suka fita ba su sha gahawa ba, kafin magariba za su kafa baƙar tutar mai karya alkawari da sunanka a bakin kasuwa, gobe kuma duk ƙabilun tudu su sauko birni. Saboda haka dole ka ba su suna."

"Wane suna?"

Munzir ya ja ƙwayar carbi ɗaya. Ya juya a hankali ya kalli Rakan.

"Wa ke riƙe da dandali ranar?"

Ummu Rakan ta yi kansa kamar kyanwar da aka taɓa wa 'ya'ya. Sai da Rakan ya riƙe ta.

"Ɗana? Ɗana za ku ba su? Allah ya ƙona carbin nan da hannun da ke jansa!"

"Yi haƙuri, 'yar'uwa, ki ji ƙarshen magana. Kotun soja ce za ta ɗauke shi, ba su ba. Ɗan zama kaɗan a bariki, ɗaki mai sanyi, abinci daga gida. In ƙura ta lafa a tura shi ofishin jakadanci a waje. Mai Martaba ba ya manta alheri."

"Mutanen Wadi Sidir kake gaya wa waje? Waɗanda suka bi wanda ya kashe kawunsu har bayan teku, suka same shi gashinsa ya yi fari, suka yanka shi a bakin shagonsa? Ni za ka yi wa tatsuniya, ya Munzir? Na san uwarka tun tana sayar da busasshen kifi!"

Allah ya gafarta mini, wannan ta yi mini daɗi. Ni ma na san ta.

Munzir ya yi kamar bai ji ba. Ya mayar da fuska ga mai gida.

"Ya Abu Rakan, ni da kai ba yara ba ne. Duk waɗanda suka zauna kan kujerar nan kafin kai, ni na raka su suka shiga, ni na raka su suka fita. Wani ya fita da tsadar fetur a wuyansa. Wani da zaɓen da aka murɗe. Wani bai ma san laifinsa ba sai da ya ji a rediyo. Firaminista a ƙasar nan laima ce. Rana ta yi zafi, a buɗe ka. Ruwa ya sauko, kai zai doka. Ka taɓa jin laima ta ce ba ta son jiƙewa?"

"Ni na karɓi kujera. Ɗana bai karɓa ba."

"Ranar da aka liƙa masa taurari a kafaɗa ya tsallake sa'o'insa, ban ji ka ce a cire shi daga rabo ba."

"Zan ajiye aikin."

"Ajiye mana. Bayan ka faɗi sunan. Mai Martaba zai karɓa cikin baƙin ciki, a karanta a labaran yamma."

Abu Rakan ya ce, murya ƙasa-ƙasa:

"In na faɗi ɗaya sunan fa?"

Carbin ya tsaya.

"Wane ɗaya sunan? Ni ban ji komai ba, kai ma ba ka ce komai ba. Kana da 'ya'ya mata a gidajen mazajensu. Kana da jikoki a makaranta. Dukkanku 'yan ƙasa ne saboda an ce ku 'yan ƙasa ne. Wanda ya ce, shi ke iya janyewa. Ka taɓa ganin inda ake sauke waɗanda aka janye wa? Ni na gani. Ko inuwa babu."

Sai Rakan ya saki uwarsa, ya matso gaban ubansa.

"Baba, faɗi sunana. Ai ina wurin. Ina tsaye aka kashe shi ban yi komai ba."

Tas! Uwar ta ɗauke shi da mari. Ƙato da shi, kyaftin guda, ya dafe kunci kamar ɗan yaye.

"Ni na haife ka, ni zan ce ka mutu ko kada ka mutu! Rufe mini baki!"

Daga nan ta yi abin da ban taɓa ganin mace ta yi wa mijinta ba. Ta durƙusa, ita da ko gaban surukarta ba ta taɓa durƙusawa ba, ta kama bakin mayafin kansa ta ƙulle shi tam, irin yadda wanda ake bi da wuƙa ke yi wa mutumin da yake neman tsari a wurinsa.

"Na shiga inuwarka, ya Abu Rakan. Ni da ɗana. In ka ba da shi, ka ba da wanda ya nemi tsarinka."

Ya daɗe yana kallon ƙullin. Ga kura a gaba, ga sayaki a baya. Ya mayar da tabarau, ya miƙe.

"Mu je, Munzir. Baƙi na jira."

Na koma tagata, Ummu Rakan ta biyo ni. Ta riƙe mini wuyan hannu, har yau in sanyi ya shigo wurin na yi mini zogi.

A ƙasa babu abin da ya motsa. An shimfiɗa ledar abinci a ɗaya ɗakin, rago na sandarewa, babu wanda ya tashi. Finjalin na nan inda yake. Abu Rakan ya zauna, Munzir a damansa. Rakan ya tsaya a bakin ƙofa kusa da sojojin gadi.

Tsoho ya kalli ƙullin da ke bakin mayafin Firaminista, sannan ya ce:

"Alwalar ta yi tsawo."

"Ka nemi suna, ya Abu Barjas."

"Na nema."

"Mutlak bin Zafir. Ni na ce a harba. Ni kaɗai. Duk wani hafsa da ke dandalin umarnina ya bi."

Majalisa ta ɗauki salati. Na kalli Munzir. Carbinsa ya tsaya na ɗan lokaci, sai ya ci gaba da tafiya. Su fada ai duk ɗaya ne a wurinsu, in dai ruwan bai taɓa su ba.

Ummu Rakan ta saki numfashi a kafaɗata, tana kuka tana cewa, "Allah ya faranta fuskarka, Allah ya faranta fuskarka."

Tsoho ya ce, "Kai ne?"

"Ni ne."

"Rantse."

Allah ya yafe masa, ya rantse.

"Ka cika alkawari. Jama'a ku shaida, fuskarsa fara ce."

Ya sunkuya ya ɗauki finjalin. Mutane suka fara gyara zama, wasu har sun fara tunanin rago. Abu Rakan ya buɗe alkyabbarsa ya nuna ƙirji.

"Ga ni. Ba zan ɓuya a bayan soja ba. Duk ranar da kuka so."

Tsoho ya yi wani murmushi da ban so ba.

"Ni da kai sa'o'i ne, ya Abu Rakan. Kana shan maganin suga, ina sha. In Hazza ya kashe ka, me ya rage maka? Ciwon gwiwa da 'yan shekarun da ba su da daɗi. Ni ba tsoho aka kashe mini ba."

"Me kake nufi?"

"Da hannuna na wanke Barjas. Na sa yatsana a ramin da ke wuyansa don ruwa kada ya shiga. Ina so kai ma ka wanke naka."

Abu Rakan ya zabura.

"Ni na yi! Na ce maka ni na yi! Yaron ba ruwansa!"

"Barjas ma ba ruwansa. Jini yana kan mai laifi da duk namijin da suka haɗa kaka, ko wannan ma ka baro ta a Turai? Da ka ce wani ne, da gidan wani zan nufa. Kai ka buɗe mini ƙofar gidanka da bakinka. Zaɓi kuma nawa ne."

Ya miƙe, ya ɗaga finjalin sama yadda kowa zai gani.

"Wannan finjalin Rakan bin Mutlak ne. Wa zai sha?"

Ku 'yan yanzu da kuka tashi kan gahawar kanti, wataƙila ba ku taɓa gani ba. Finjalin da aka kira da sunan mutum, wanda ya shanye shi ya ɗauki ran mutumin a wuyansa. Ba zai kusanci matarsa ba, ba zai zauna cikin maza ba, sai ya kawo jinin.

Hazza ya tako.

"Ni, Baba."

Abu Rakan ya juya ya cafki hannun Sarkin Fada.

"Munzir! Yi magana! A gidan Firaminista ake wannan!"

Munzir ya zare hannunsa a hankali, ya gyara bakin alkyabba.

"Al'adar ƙabilu ce, ya Abu Rakan. Fada ba ta shiga."

Ban ji lokacin da aka sakar mini hannu ba. Na dai juya na ga babu kowa kusa da ni, sai takalmi ɗaya a kan matattakala.

Ƙofar majalisa ta bugu da bango. Ummu Rakan ta faɗo tsakiyar maza, ta fizge mayafinta ta yi jifa da shi, furfura a waje. Dattawa suka kau da kai suna a'uziyya, wasu suka ja mayafi suka rufe ido. Matar da ko direbanta bai taɓa ganin goshinta ba.

"Tsaya, ya Hazza! Don nonon da ka sha, tsaya!"

Finjalin na dab da leɓensa. Ya tsaya.

"Ƙarya mijina ya yi! Ya rantse a kan ƙarya don ya fanshi ɗansa! Mutlak ko kaza ba ya iya cewa a yanka sai ya bugo waya fada ya tambaya, kowa a ɗakin nan ya sani!"

"Nuwayyir!" Mijin ne, da ainihin sunanta, a gaban maza. "Don Allah, Nuwayyir, koma ciki!"

"Ba zan koma ba! Kuna son suna? Yarima Gazwan! Shi ya ce a share dandali, masu gadinsa suka yi harbi daga saman otal! Ku tambayi wannan mai carbin, shi ya shigo mana ta kicin yana cinikin ɗana!"

Na rayu na ga an binne sarki, na ga gobarar kasuwar zinariya, ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Masu cin shinkafa kowa ya sunkuyar da kai, yana fatan a ce bai zo ba.

Hazza ya kalli ubansa.

"Baba, finjalin wa ke hannuna?"

Tsoho ya juya ga Sarkin Fada.

"Ya Munzir, ƙaryata ta."

"Matar ba ta da lafiya, kowa ya ga..."

"Ban tambaye ka lafiyarta ba. Kama gashin bakinka, ka ce ƙarya take."

Duk ido ya koma kan hannun Munzir. Hannun na kan carbi. Bai tashi ba.

Tsoho ya gyaɗa kai.

"Na janye sunan Rakan, ku shaida. Hazza, ka ji wanda uwar ta faɗa. Sha."

Ya shanye a kurɓi ɗaya, ya maka finjalin da ƙasa.

Ummu Rakan ta zube a kan gwiwoyinta tana hamdala, hawaye na bin wuyanta.

Sai Munzir ya miƙe. Bai ɗaga murya ba. Ya zo ya ɗauki mayafinta daga ƙasa, ya kakkaɓe, ya miƙa mata da hannu biyu kamar ɗan kirki.

"Rufe kanki, 'yar'uwa. Tambaya ɗaya ce da ni. Ke ba ki je dandali ba, ba ki kuma da rediyon sojoji a kicin. Wa ya gaya miki?"

Ba ta ce uffan ba. Wallahi ba ta ce ba, ni shaida ce.

Idonta ne kawai ya tafi bakin ƙofa, inda ɗanta ke tsaye.

Munzir ya bi idon.

Ya ce wa sojojin gadi, "Ku riƙe shi."